Ta Ƙofar da Aka Kawo Ni

Gidanmu na Kara-Kara yana bayan babban tankin ruwa, wanda muke kira shato. Tun ina yaro ta filin shaton nan muke shiga muke fita. Mahaifina ne ya roƙi mai gadin wancan zamani izinin wucewa a gaban mai unguwa, aka raba goro, aka yi fatiha. A wurinmu magana ta ƙare, ba wanda ya yi tunanin takarda.

Shekarar da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da Inna, mahaifiyata, kamfanin ruwa ya zagaye filinsa da katangar bulo. Abin da ya rage mana wani lungu ne tsakanin katangar da gidan maƙwabci, mai lanƙwasa biyu, wanda mai ƙiba sai ya karkace yake wucewa. Goye nake fitar da Inna zuwa likita, ƙafafunta na gogar bango.

Wata rana tana bayana ta ce, "Ni ba ciwon ke damuna ba. Kada ranar tawa a ɗaga ni ta kan katanga kamar kayan sata. Ta ƙofar da aka kawo ni nake so in fita."

Na rufe rumfar dukancina na shiga neman izinin hanya, mita uku kacal a gefen filin. Na kwashi mai unguwa da tsofaffi biyu da suka ci goron nan, muka tafi biron kamfanin, wato ofishinsu, ina ganin na zo da hujjar da ba ta da makawa. Shugaban wurin ya tambayi takarda. Ɗaya tsohon ya bugi ƙirji ya ce, "Mu ne takardar." Shugaban bai yi dariya ba, Allah ya saka masa. Ya ce, "Baba, filin nan ba nawa ba ne, na gwamnati ne, riƙo aka ba mu, kuma da bututu a ƙarƙashinsa. Sai meri, hukumar magajin gari, ta yarda, masu awo su zana, sannan dosiye, takardun duka, ya tafi Yamai a sa hannu."

Na yi duk wannan. Damina ta zo ta wuce, kullum amsa ɗaya, a dawo wani mako. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse, nawa dai ya ƙi nuna. Har faɗa na yi da sakataren biron, na dawo washegari na ba shi haƙuri, don ta hannunsa takardata za ta bi. Inna kuwa ta daina cin tuwo, sai kunu.

Tsoro ya sa ni yin abin da har yau nake jin kunyarsa. Bayan azahar, da unguwa ta yi shiru, ni da ƙanena muka ɗauko makarar masallaci don mu gwada lungun. A lanƙwasar farko ta maƙale. Muka karkata ta, muka miƙar da ita tsaye, tana ta ƙara a jikin bulo. Ta ƙi.

Da na shiga ɗaki na tarar da idon Inna biyu. Ɗakinta ne ke jikin lungun, na manta.

Ta ce, "Ta wuce?"

Na so in yi mata ƙarya, amma na girgiza kai. Ta juya fuskarta bango, ta ce, "To, Allah ya kawo takardar."

Takardar ta zo, da hatimi uku, an yarda mana da mita ukun. Amma kwana goma sha ɗaya kafin nan, na hau katangar maƙwabci da kaina, aka miƙo mini Inna a cikin tabarma, na miƙa ta ga mutanen da ke jira da makara a ɗaya gefen.