Ranar da aka share fuskokin kuka daga labarina

Shekarun baya, kafin in yaye 'yata ta biyu, akwai tsoron da nake kwana da shi in tashi da shi: kada wata rana wani mai ilimi ya kalli rubutuna ya gane a aji shida na tsaya. A waya ba na jin komai, kowa rubuta abinsa yake yadda ya ga dama. Takarda ce ke ba ni tsoro.

Lokacin ina rubuta 'yan labarai, amma yayata da ke aure a Gafasa kaɗai nake tura wa, a cikin hirarmu ta waya. Gutsure-gutsure nake yi. In na ɗora tukunya in rubuta layi biyar, in yarinya ta kama nono in ƙara uku da hannu ɗaya. Haka na gama labarin wata marainiya da kakarta ta rena.

Sai wata a guruf ɗinmu na mata ta turo sanarwa, wai wata ƙungiyar marubuta na neman gajerun labarai za ta haɗa su littafi guda. Na karanta ƙa'idojin har kaina ya ɗau zafi. A buga a kwamfuta, girman harafi kaza, a bar tazara tsakanin layi da layi, a sa lamba a kowane shafi. Sunan marubuci a shafin farko kaɗai, kada ya fito a cikin labarin, don masu tantancewa su karanta ba su san mai shi ba. Wannan na ƙarshen ne kawai ya yi mini daɗi.

Yayata ta ce in ban tura ba kada in sake damun ta da labari. Maigidana kuwa ya ce shi bai san kan wannan harka ba, amma zai kai gyaɗa Gaya ranar kasuwa, in shirya ya ɗauke ni a babur. Daga ƙauyenmu na wajen Balan har cikin gari, addu'a nake kada a yi mini dariya.

Shagon buga takardun na wani dattijo ne mai tabarau, yawancin aikinsa katin biki da takardun 'yan makaranta. Ya karanta ƙa'idojin, ya ce ba wuya, in kwafo labarin in turo masa. Na danna saƙonnin gaba ɗaya na tura. Ashe in ka kwafi saƙo da yawa haka, kowanne da sunanka da lokacin da ka rubuta shi yake tahowa. Ni da aka ce kada sunana ya fito a cikin labarin ko sau ɗaya, sai ga shi a goshin kowane layi. Dattijon ya ce ko ɗan takara bai manna sunansa a gari haka ba.

Ba a nan ta tsaya ba. Hirarmu ta gida ta biyo labarin. Ana tsakiyar kaka tana yi wa jikarta faɗa, sai ga yayata tana tambaya ko na ba yarinya maganin tarinta. Ya karanta da ƙarfi, fuska ba dariya, ya tambaye ni ko kakar ce ke magana. Na ja mayafi na rufe baki. Haka muka zauna, yana karantawa ina cewa wannan labari ne, wannan na gida ne, yana sharewa. Ya koya mini duk wanda zai yi magana a labari layinsa daban ake buɗe masa. Na ga abin yana ta yin fes a gilashin kwamfutar, har na fara jin kaina wata.

Sai muka zo kan 'yan fuskokin nan na waya, masu dariya da masu kuka. Ya ce ba a sa su a irin wannan takarda, ya bi su ya goge. Da ya iso wurin da kakar ta rasu, ya tsaya. Abin da ya rage shi ne: da safe kowa ya tashi, Kaka ba ta tashi ba. Layi na gaba kuma har an yi sadakar bakwai.

"Malama, a nan me ya faru?"

"Rasuwa aka yi, Baba."

"Na ga an rasu. Kukan fa? Jerin fuska kika sa, na share su, kuma ba ki bar mini komai a ƙarƙashi ba."

Nan ne wurin da yayata ta ce ta yi hawaye, ashe ban rubuta komai ba, wayar ce ta yi mini kukan. Na ce shi ke nan, abin da nake gudu ya fito fili. Na fara gyara goyo zan ce masa a bari kawai. Bai ma kalle ni ba, ya nuna mini benci, ya ce akwai mai katin suna yana jira, kafin ya gama da shi in rubuta abin da marainiyar ta gani da idonta a safiyar nan.

Ina zaune na rasa ta inda zan fara, sai ga maigidana ya dawo daga kasuwa. Ya dube ni, ya karɓi yarinyar ya fita da ita wurin mai rake. Da bayana ya yi sakayau, sai na tuna rasuwar tawa kakar. Ba kukan mutane na tuna ba. Kajinta na tuna, yadda suka taru a ƙofar ɗakinta kamar kullum suna jiran tsaba, suna leƙawa, aka rasa mai ƙarfin halin korar su. Shi na rubuta, da yadda marainiyar ta shiga ta ɗebo tsabar a ƙoƙon kakarta ta watsa musu. Dattijon ya karanta, ya cire tabarau ya goge, ya ce janareton nan hayaƙinsa ya yi yawa. Ya jera shafukan, ya sa lambobin, ya tura ta imel ɗin shagonsa.

Sai bayan damina amsa ta zo. Sun karɓa. Gyare-gyare kam sun sha, kusan ba shafin da ba su taɓa ba, kuma ban ji haushi ba ko kaɗan. Ba wanda ya tambaye ni takardar makaranta.

Har yau a waya nake rubutu, da hannu ɗaya, ana jan zanina. Abin da ya canza shi ne, duk sanda yatsana ya nufi fuskar kuka sai in janye shi, in tambayi kaina me aka gani a ɗakin. Wani lokaci amsar takan ɗauke ni yini guda.

Roƙona gare ku mata 'yan'uwana masu rubutu a waya: ki ɗauki labarinki guda ɗaya, ki goge fuskokin da ke cikinsa duka, ki karanta abin da ya rage. Inda kika ga rami, ki zauna ki cike shi da bakinki, sannan ki kai a buga miki.