Gwanin Amirka a Filin Kokawar Tajaye

Ɗan kawuna ya dawo Tajaye daga Amirka a lokacin kaka, bayan shekara tara, da wuya kamar turmi da akwati guda na lambobin yabo. Wani Bature mai haƙar rijiyoyi ne ya ga girman jikinsa ya kai shi karatu can, suka sa shi ƙwallon ƙasarsu, wadda ake yi da hular kwano.

Ni ke karanta wa kawu wasiƙun ɗan nasa, don ni kaɗai na yi lakwal, wato boko, a gidan, saboda haka na san abin da ke cikin tukunya. An zaɓe shi gwani a jami'arsu har sau uku, an rataye hotonsa a bango. To, aikin nasa fa? Ya tsaya a sahun gaba ya tare ƙatti, kada su kai ga mai jefa ƙwallo. Ƙwallon ma ba ya taɓa ta. In ya cafki mutum, laifi ne. Wai a kan wannan ake ba namiji kofi.

Kawu ba haka ya ɗauka ba. Tsohon ɗan kokawa ne da ba a taɓa kayarwa ba, kuma duk ranar kasuwar Illela sai ya shaida wa jama'a ɗansa na can yana ka da Turawa. Na sha niyyar gyara masa, tausayi ya hana ni.

Da 'yan Malbaza suka zo kokawar kaka, kawu ya fito da ɗansa a madadin garinmu. Na ja gwanin gefe na ce ya bari a tuna masa doka.

"Taubashi, mi za ka tuna mini?" in ji shi. "Waɗanda nit tare can, kowane ya yi biyun wanga."

Gaskiya ne, abokin karawarsa siriri ne. Makaɗa suka ɗauka, alƙali ya sake su. Sai gwanin namu ya yi abin da jikinsa ya saba: ya kai gwiwa ƙasa, ya dasa hannu a yashi, yana jiran a ba shi alama. Gwiwa da hannu a ƙasa kuwa kaye ne, ko yaron goye ya sani. Siririn bai ko taɓa shi ba, 'yan Malbaza suka ɗaga nasu sama suna kuka don dariya. Namu yana ta faɗa, rabi da Turanci, wai bai shirya ba.

Ban ji tausayinsa ba ko ƙwayar gero. Bayan mako biyu ya hau mota zuwa Yamai, ya koma Amirka inda ake tafa masa. Kawu aka bari da abin. Ya yi shekara bakwai a duniya bayan haka, bai sake taka kasuwar Illela ba; ko gishiri yake so, sai ya aike ni.