Malam Sabo da Sallamar da Ba a Amsa Ba

Duk ranar da aka ce guguwar dusar ƙanƙara na tafe, mutanen rukunin gidajenmu na garin Largo, a nan ƙasar waje, sukan ruga kanti neman burodi da madara, Malam Sabo kuwa sai ya saɓa tsaninsa, ya cika aljihu da batir. Shi ne mai gyare-gyaren gidajen nan, mutumin Damagaram, dogo, marar yawan magana. Gida-gida yake bi, yana cewa a bar famfo yana ɗiga kada bututu ya daskare, a cika waya da caji, kada a kunna janareto a gareji. Daga nan ya hau tsani ya duba ƙararrawar hayaƙi da ke manne a silin. A gidajen Hausawa ya riga ya san abin da zai tarar. Matanmu ba sa rabuwa da turaren wuta, ƙararrawa kuwa ba ta san bambancin ƙamshi da gobara ba, don haka sai a zare mata batir a huta da ihunta. Ya mayar, ya sauko, ya yi godiya kamar shi aka yi wa aikin.

A wannan aiki ya tsufa. Matarsa ta rasu can gida, 'ya'yansa mata duk suna ɗakunansu a Nijar, shi kaɗai yake kwana yake tashi a wani ɗan ɗaki bayan ofishin rukunin. Lambarsa tana cikin wayar kowa, amma sai hita mai ɗumama gida ta mutu ake tunawa da ita. An sha yin suna a gidan da ya gyara jiya-jiya, ya ji hayaniyar ta taga yana cin abincinsa shi kaɗai. Abin yana masa ciwo, bai dai taɓa faɗa ba.

Makullin kowane gida yana rataye a ƙugunsa, amma bai taɓa shiga inda ba a amsa masa sallama ba, balle gidan da mace take ita kaɗai. Sau ɗaya ya karya wannan doka tasa.

Ranar nan dusar ƙanƙara ta wuni tana zuba, wuta ta ɗauke bayan azahar, unguwa ta yi tsit. Hajiya Sailuba, wadda ta zo daga Kano ganin 'yarta Haula, tana gida ita kaɗai. Hunturunta na farko ke nan a ƙasar nan, Haula kuwa ma'aikaciyar jinya ce, dusa ta tsare ta a asibiti. Malam Sabo yana zagayen duba mutane ya iso ƙofar. Ya yi sallama, shiru. Ya sake, ya ƙwanƙwasa, shiru. Ya ce a ransa barci take, ko salla, tarbiyya kuma ta ce masa ya juya. Har ya fara sauka daga matakala sai ƙamshin turare ya biyo shi ta ramin makulli. Ya tsaya cak. Jiya da hannunsa ya sa batir a gidan nan, ga turare yana tashi, ga ƙararrawa ba ta ce uffan ba, an sake zare mata batir ke nan.

Ya sa makulli ya buɗe. Hajiya ta yi abin da ta sani tun tana yarinya: da sanyi ya ishe ta, ta cika babban kasko da gawayin turare, ta toshe ƙasan ƙofa da tagogi da zannuwa, ta zauna jin ɗumi. Ba wanda ya taɓa gaya mata cewa gidajen nan ba sa numfashi kamar ɗakunan gida, kuma gubar gawayi ba ta da wari. Ya same ta a kife kan darduma, carbi a hannu.

Maƙwabciyarsu Martha ta ga sauran. Ta ce ta hango shi ya fito da dattijuwar a kafaɗa, ya kwantar da ita a bakin ƙofa, ya lulluɓe ta da rigar sanyinsa, ya kira motar asibiti, sannan ya kama shebur yana share wa motar hanya da 'yar shara a jikinsa. Da Hajiya ta buɗe ido ta gan shi, muryarta da ƙyar take fita.

"Malam, wa ya ce ka shigo? Ina mayafina?"

"Ki gafarce ni, Hajiya," in ji shi, ya juya mata baya, ya ci gaba da shara.

Ta rayu. Haula ta yi masa godiya da hawaye, amma kunya ta hana Hajiya ko kallon inda yake, in ta hango shi sai ta sauya hanya. Shi kuma ya ɗauka fushi take, ya riƙe abin a ransa, ba shi da wanda zai faɗa wa.

Malam Sabo, kai ne ka tsaya a waccan matakala, ba mai ganinka sai Allah, ka zaɓi a ga laifinka da a yi jana'iza. Kai ne mai sallama a ƙofar da kowa ya wuce. Mun kwana cikin ɗumi saboda kai, ba mu taɓa tambayar ko ɗakinka da ɗumi ba. Ka yafe mana, mun gode, Allah ya saka maka da alheri.

A makon jiya gwiwoyinsa suka sa ya ajiye aiki. Ya miƙa makullan a ofis, ya fito ƙugunsa ba nauyi, sai ga Haula tana jiransa da saƙon mahaifiyarta daga Kano.

"Baba, Umma ta ce in gaya maka ba fushi take ba. Ta ce duk ranar da ka yi sallama ka ji shiru, ka shiga, ta ba ka izini."

Ya shafa ƙugunsa. Izinin ya zo, makulli kuwa ya bar hannunsa.

Yanzu izinin nan namu ne. An ce wata guguwar na tafe. Ku mayar da batir, ku bar gawayi a waje, ku leƙa wanda yake zaune shi kaɗai, ku fara da ɗan ɗakin bayan ofis. In kun yi sallama kun ji shiru, kada ku juya.