Makullin Zauren da Malam Musbahu Ya Bar Mini

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, 14 ga Mayu, 2024, bayan sallar azahar, Allah ya karɓi ran Malam Musbahu Getso, sakataren ƙungiyar ci gaban garinmu, bayan jinyar kwana tara a Gwarzo. Ni Lukuman na rubuta sanarwar a zauren ƙungiya na waya.

Malam, ban manta ranar da aka zauna kan maganar zauren nan ba, lokacin da tsadar mai ta hana 'yan uwanmu na Kano da Kaduna zuwa taro. Wani ɗan takara ya aiko cewa zai buɗe mana manhaja kyauta, har da sunan garin. Duk muka yi na'am. Kai kaɗai ka tambaya: "Zauren nan a gidan wa za a gina shi? Lambobin matanmu wa zai riƙe?" Muka ce ka cika tsantseni. Ka ce ai mai gida yana jin duk abin da aka faɗa a zaurensa. Daga ƙarshe muka buɗe namu a WhatsApp, aka danƙa maka makulli, ka gargaɗe mu cewa nan ma gidan aro ne, kada kowa ya rubuta abin da ba zai iya faɗa a kasuwa ba.

Ni ne na fara karya dokar. An turo mini saƙon murya cewa Malam Gamaliel Dachung, Kirista daga Filato da ya shekara goma sha biyu yana koyar da yaranmu kimiyya, ya sa wata ɗaliba ta cire hijabi. Ban bincika ba, na jefa shi zaure. Kafin la'asar har an fara tambayar inda gidansa yake. A garin da ake kishin Shari'a, kowa ya san inda irin wannan magana kan kai.

Ka rufe zauren, ka hau babur ka tafi wurin mahaifin yarinyar. Ashe gwaji suke yi kusa da wuta, malamin ya ce ta tattare bakin hijabinta kada ya kama. Daga can ka wuce gidana. Ba ka ɗaga murya ba, ba ka kuma kore ni ba. Cewa ka yi: "Kai ka zuba, kai za ka kwashe." Na goge saƙon, na nemi afuwa a gaban mutum ɗari biyu. Kunyar ranar har yau ina jin ta. Malam Gamaliel ya kwana lafiya cikin iyalinsa, kuma da shi aka yi zaman makokinka, yana share hawaye.

Kwana uku kafin ka rasu na ga ka mayar da ni mai kula da zauren. Na kira ka na ce, "Malam, ni fa?" Ka yi dariya da ƙyar, ka ce, "Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya ja da baya."

Allah ya jiƙanka, Malam, ya yalwata kabarinka, ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa mana. Ina miƙa ta'aziyya ga maiɗakinka Hajiya Badi'a da 'ya'yanku da dukan mutanen Getso, Allah ya ba mu haƙuri. Jiya an ce in cire lambarka daga zauren. Makullin yana hannuna, amma na kasa.