Yayarmu Mai Aske Fuskoki

Mai Aski muke ce wa Yaya a gida, ko da yake ba ta taɓa riƙe aska ba. A asibitin masu ciwon daji take aiki, cikin wani ɗan ɗaki marar taga a bayan wurin ɗaukar hoto, daga ita sai kwamfuta biyu da fanka mai ƙara kamar injin markaɗe. Hotunan cikin kan marasa lafiya ake turo mata, na waɗanda suka yarda a ba masu bincike, don a koya wa na'ura gane ƙari tun yana ƙarami. Sai ta cire suna da ranar haihuwa da unguwa, ta sa lamba. Sannan ta aske fuskar, domin daga irin wannan hoton kwamfuta na iya sake haɗa hanci da baki har a gane mai shi. Ƙwaƙwalwa kaɗai ake bari.

Tun tana yarinya ba ta shiga sabgar kowa. Inna ta taɓa matsa mata ta faɗa ko surukar maƙwabcinmu na zuwa asibitin, ta ce, "Inna, ni ban san kowa ba." Ni kam abin haushi yake ba ni, mutum sai ka ce bango. Amma gaskiya ta faɗa. Ba ta kallon fuska kafin aski, sai bayansa, don ta tabbatar ba a bar komai ba.

Wata rana aka turo mata wani dattijo, tsohon direban bas, wanda matarsa ta rasu bara, bayan an ɗauki hoton cikin kanta a asibitin. Marigayiyar ba ta son hoto ko kaɗan, ɗan na katin shaidarta ma ya ɓace wajen ƙaura. 'Yarsa ce ta jiyo cewa ana iya fitar da fuska daga hoton kai. Asalin hotunan kuwa sun tafi da tsohuwar ma'ajiyar asibitin da ta lalace, kwafin masu bincike kawai ya rage.

Dattijon ya ce, "'Yata, kamanninta ne suka fara kuɓuce mini. Jikoki na tambaya, ni kuma sai kame-kame."

"Baba, ko da zan gano nata, babu fuska a ciki," in ji Yaya.

"Wa ya cire?"

"Ni ce."

"To, ai kin gan ta ke nan. Faɗa mini abin da kika gani."

"Ban duba ba, Baba."

Sai ya ɗauki hularsa, ya sa mata albarka, ya tafi.

Da ta ba mu labarin, ko sunansa ba ta kama ba. Ta ci abincinta, ta wanke kwanonta. Ni ne ma abincin ya ƙi shiga, don tsohon ya ba ni tausayi ƙwarai.

Har yau tana wannan ɗakin. Sai dai yanzu kowace fuska ta zo, sai ta buɗe ta, ta ƙare mata kallo, sannan ta aske. Na ce mata wannan wahalar banza ce, a cikin wannan ɗimbin jama'a wa za ta tuna? Ta ce ita ma ta sani, amma in wani ya sake zuwa, ba ta son ta ƙara ce masa ba ta duba ba.

Shugabanta yana ta ƙorafin hannunta ya yi sanyi. Ba ta gaya masa dalili ba.