Yadda Kawu Tanko Ya Zama Mai-ruwa

Ranar Litinin ta farko bayan Babbar Sallah, a shekarar da nake aji biyar, da hantsi ina tsugune a garejin Kawu Tanko da ke bayan tashar Wara, garinmu na bakin tafki, ina riƙe da tsohon kwano a ƙarƙashin motar yayana Bala. Kawu Tanko bakanike ne, ba ɗan'uwanmu ba, amma garinsu ɗaya da Inna, shi ya sa muke ce masa Kawu. Yana kwance a kan buhu, ya sa sifana ya kwance notin giyabos, wato akwatin da haƙoran giyar mota suke ciki. Na zaci baƙin mai zan gani. Abin da ya zubo kuwa fari-fari ne mai kauri, kamar kokon da aka zuba wa madara. Ya dangwala da yatsa, ya murza, ya sansana, sannan ya leƙo ya dubi Yaya Bala ya ce, "Bala, wagga mota ta ko jirgin ruwa? Rabin man nan ruwa na."

Motar tsohuwar a-kori-kura ce, da ita Yaya Bala yake kai ɗanyen kifi Yauri. A lokacin direbobin kifi tsere suke yi, domin wanda ya fara isa kasuwa shi ke sayarwa kifinsa na sheƙi, na baya kuwa sai ya tarar da dillalai sun ƙoshi suna yatsina fuska. Wani abokin Yaya Bala ya sa wa tasa babbar kafireta, ya yanke salansa, ya sa manyan tayoyi, tana wuce mu tana ruri kamar hadari. Yaya Bala ya kasa haƙuri. Ya sayo irin waɗannan kayan daga Yauri a cikin kwali, ya kawo a ɗaura masa. Kawu Tanko ya ture kwalin gefe da ƙafa. Ya ce shi ba ya ƙara wa mota ƙarfi sai ya tabbatar cikinta lafiya yake: za a canja man giya, a canja baƙin mai, a duba birki, a yi mako biyu ana aiki da ita, sannan a dawo ya sake dubawa. Ya kuma ce akwai ɗan ramin da giyabos ke shan iska ta sama, kuma murfinsa ya tsufa, saboda haka kada a ƙara shigar da motar cikin tafki.

Ni tun ina ƙarami Allah ya yi ni da yawan zargi da fargaba. In na kora awaki gida sai na ƙirga su sau uku. In Inna ta aike ni sayen manja, ina hanya ina leƙa kwalbar ko mai awo ya rage. A gonar shinkafa, sauran yara su rataye gwangwanayen korar tsuntsaye su tafi langa, ni kuwa ina nan ina zagaye kunyoyi, ina ganin kamar da na juya baya za a cinye gonar. Ko motar kara na ƙera, ba na ba kowa ya ja. A makaranta nakan ɓoye fensirina a cikin hula. Inna takan ce, "Wanga yaro, ko inuwarshi bai yarda da ita ba." Saboda haka ranar nan a gareji, idona yana kan hannun Kawu Tanko. Na ga ya juye tsohon man a wata ganga a bayan rumfa. Na ga sabon man da ya zuba mana bai fito daga gwangwani mai hatimi ba, daga wata farar jarka mara rubutu ya tsiyayo shi ta mazurari. Tun daga nan zuciyata ta fara saƙa. Me zai yi da tsohon mai? Me ya sa jarkar ba ta da suna? Me ya sa yake son mu dawo?

Akwai wani abu kuma da na sani, wanda ban sa shi cikin lissafina ba. A bakin ruwa, idan jiragen masunta suka dawo da safe, ba sa iya matsowa gaɓa saboda laka. Direbobi sukan yi baya da mota har ruwa ya rufe tayoyi, a yi ta jefo giwan ruwa da karfasa da tarwaɗa daga jirgi zuwa bayan mota kai tsaye. Hakan ya fi sauri fiye da a yi ta dako da kwanduna. Yaya Bala ya yi kwana biyu kacal yana bin maganar Kawu Tanko. A rana ta uku abokinsa ya riga shi tashi, daga nan ya koma shiga ruwa, har ma ya fi da zurfi. Da yamma kuma, in ya dawo daga Yauri motar na zafi, nan dai yake sake tura ta, ni in hau da bokiti da soso ina wanke ƙarnin kifi. Wannan aikina ne, kuma ina son shi, don yaran unguwa sukan tsaya suna kallona. Yaya Bala ya ce mini, "Kowa na shiga ruwa, tsoho na da tsoro. Kak ka hwaɗa mai." Ban faɗa ba.

Mako biyu suka cika muka koma. Ranar nan tasha a cike take. Kawu Tanko ya kwance noti, man ya sake fitowa fari. Ya tashi zaune yana shirin magana, ni kuwa na san abin da zai tambaya, kuma na san in ya dube ni ba zan iya ƙarya ba. Kafin ya buɗe baki na ja rigar Yaya Bala, na ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, ai daga jarka mara suna ya zuba mana, kuma yana tara tsohon mai a ganga. Har yau ina tambayar kaina ko na yarda da zargin nan a lokacin, ko tsoro ne ya sa na riƙe shi. Ina jin duka biyun ne. Yaya Bala ya cafke maganar kamar dama jira yake. Ya ɗaga kwanon yana nuna wa direbobi, yana cewa ga man da aka sayar masa, an gauraya da ruwa. Kawu Tanko ya yi bayani cewa a babbar ganga yake sayo mai ya rarraba a jarka, tsohon kuwa masu jirgi da magina ke karɓa suna shafa wa katako saboda gara. Ba wanda ya saurare shi. Wani kwandasta ya yi dariya ya ce, "Tanko Mai-ruwa!" Aka kwashe da dariya.

Washegari Yaya Bala ya kai motar Yauri wurin wani bakanike matashi, wanda ya ɗaura masa duk abin da ke kwalin a yini ɗaya, bai ko leƙa ƙasan motar ba. Ta yi kwana goma tana riga kowa isa kasuwa. A rana ta goma sha ɗaya, ina ciki domin Asabar ce, muna hawa wata 'yar gangare da lodi, sai giya ta yi wata irin ƙara kamar ana niƙa tsakuwa, motar ta tsaya. Muka yi ta jira a rana har kifin ya fara kumbura, ƙudaje suka rufe shi. Da aka jawo ta gida aka sauke giyabos ɗin a ƙofar gidanmu, Babanmu ya sa hannu a ciki ya ɗebo wata laka mai laushi, mai launin toka. Masunci ne, ya san ta. Ya murza ta ya ce wannan lakar bakin tafki ce, ba a sayar da ita a jarka. Bai tambayi Yaya Bala ba, ni ya duba. Na faɗa masa komai ina kuka.

Da la'asar ya sa mu gaba har garejin. Babu mota ko ɗaya a rumfar, sai wani mai keke da ya zo aron sifana. Babanmu ya ba da haƙuri, Yaya Bala ya sunkuyar da kai, ni na durƙusa na maimaita abin da na faɗa a gida. Kawu Tanko ya goge hannunsa da tsumma, ya ce, "Ba komai, Allah shi yafe muna baki ɗai." Bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Amma zargin a gaban tasha guda aka yi shi, haƙurin kuwa mai keke kaɗai ya ji. Direbobi suka dawo masa a hankali, wasu ba su dawo ba, sunan dai bai tafi ba. Yaran da aka haifa bayan haka sun taso suna ce masa Mai-ruwa, suna zaton ko dā ruwa yake sayarwa. Yakan amsa musu.

Yanzu ina da ɗan shagon man mota a Yauri. Yawancin motocin zamani ba su da giyar hannu, mansu ja ne kamar zoɓo, samari kuma sukan zo da su an sauke su ƙasa, an sa musu salansa mai tsawa. Nakan tambaye su yaushe rabon da su canja man giya, su yi dariya su ce Baba ka cika tsoro. Kowane gwangwani a shagona da hatiminsa, a gaban mai saye nake buɗewa, amma na san akwai jabu masu hatimi da suka fi na gaskiya kyan gani. A dā mutum ake sani a yarda da jarkarsa. Ni ne na fara koya wa tasharmu duban jarka maimakon mutum.