Gangar Keken da Ta Fito Daga Jibiya

A shekarun casa'in gyaran keke nake yi a Madarunfa, ƙarƙashin wata bishiyar bedi, kan hanyar da ke gangarawa tabki. Ni kaɗai nake wuni, daga ni sai akwatin kayan aiki da kwanon ruwan da nake neman hujin taya a ciki. Faci kowa ya iya. Abin da nake taƙama da shi, har ana cewa kaina ya yi girma, shi ne a kawo mini gangar keke tsirara, ba taya ba sirdi, in faɗi ƙasar da aka ƙera ta, wani lokaci har gidan da ya ƙera.

Mutanenmu tambari suke bi. 'Yan kasuwa sun san haka, sai su ɓamɓare tambarin ɗan Ingila daga mataccen keke su ɗaura wa ɗan Indiya, su shafe shi da baƙin fenti, mutum ya saya yana ta washe baki. In ya zo wurina ba na ko kallon tambarin. Haɗin ƙarfen nake shafawa da yatsa, wurin da bututu ya shiga bututu, domin kowane gida da irin yankansa: wani baki mai tsini, wani a zagaye, wani kuma ya bar dalma ta zubo ko a jikinsa. Daga nan in ƙwanƙwasa da kile, wato sifana, in ji amo, in kifa keken in karanta lambar da aka buga a gindinsa. Na ɓata wa mutane da yawa rai da wannan, ban kuma ce na yi nadama ba.

Babban alƙali shi ne zaren ƙusa. Muna zaune a bakin iyaka, kayan Faransa na zuwa mana daga Maraɗi, na Ingila da masu kwaikwayonsa daga Nijeriya, kuma ba sa ga maciji da juna. Fedar ɗan Ingila ba ta shiga ƙafar ɗan Faransa sai an yi mata dole. Akwai kuma wani murfi a gindin keke, gefen sarƙa, wurin da sandar feda ke juyawa. Na Faransa hagu ake murɗa shi ya kwance, kamar kowace ƙusa. Na Ingila dama ake yi. Wanda bai san wannan ba sai ya wuni yana ƙara ɗaure abu yana zagin tsatsa.

Keken mahaifinmu ɗan Faransa ne, kore, ya saye shi hannun wani ma'aikaci a Maraɗi tun zamanin da gyaɗa ke kuɗi. Da ya rasu, wana ya gaje shi. Wata shekara bayan an gama girbi, wan nawa ya ɗaure tabarma da buta a bayan keken, ya ce zai je ci-rani Nijeriya, zai dawo kafin shuka. Ya bi ta Ɗan Issa ya tsallaka. Aka yi shuka babu shi, aka sake yi. Wasu suka ce sun gan shi a Kano, wasu suka ce a kudu, da ka matsa da tambaya sai ka tarar wani ne ya gaya musu.

Shi ne ɗan fari, don haka Inna ba ta faɗin sunansa, ba ta kuma tambayar labarinsa a gaban kowa. Haka aka san uwa mai kunya. Keken take tambaya. In na dawo da yamma ta miƙo mini ruwa, wani lokaci sai ta ce, “Har yau dai keken ubanku bai komo ba.” Ni kuma in ce bai komo ba. Mu biyu ne a gidan, iyakar hirarmu a kansa ke nan shekara shida. Ina kewarsa ƙwarai, ba ni da wanda zan faɗa wa, sai na koma leƙa gindin duk keken da ya tsallako iyaka.

Ran nan da hantsi wani dattijo daga Gabi ya iso da gangar keke a kafaɗa, tayoyin a hannu. Ya ce a kasuwar Jibiya ya saye ta cikin tsofaffin ƙarafa, yana so in haɗa masa, don ƙafarsa ta gaji da zuwa gona mai nisa.

“Sun ce mini ɗan Ingila na,” in ji shi. “Ga tambari nan, duba ka gani.”

“Baba, tambarin ɗan Ingila na, amma keken bai taɓa jin labarin Ingila ba,” na ce.

Na faɗa ina dariya, domin na riga na ga ramukan tsohon tambari biyu a ƙarƙashin sabon, ba su dace da shi ba. Na sa kile a murfin gindi na murɗa hagu, ya kwance. Nan dariyar ta tsaya mini. Ɗan Faransa a kasuwar Jibiya abu ne da ba kasafai ake gani ba. Na shafa haɗin ƙarfen, yankan gidan da ya ƙera keken Baba ne sak. Na duba ramin feda, na tarar an cusa masa ta Ingila da ƙarfin tsiya har zaren ya cinye, aikin wanda bai taɓa riƙe ɗan Faransa ba. Wato keken ya daɗe a wancan gefen. Na kankare baƙin fenti da bakin wuƙa, shuɗi ya fito, na ƙara kankarewa, sai ga kore.

Na ce wa dattijon aikin da yawa, ya komo ran kasuwa. Ya tafi Gabi a ƙasa.

Da ya ba da baya na kifa gangar na goge gindinta. Lambar na nan raɗau, kowane harafi ya fito. Na zauna ina kallonta, ba ta gaya mini komai ba, domin ban san lambar keken gidanmu ba. Na san ta keken liman, na san ta mai kai wasiƙu, na haddace na mutanen da ko gaisawa ba ma yi. Namu ban taɓa kifa shi ba. Wana shi ke gyara abinsa, yana tsokanata wai ba zai ba mahaucin kekuna keken Baba ba, ni kuma na yi fushi na rantse ba zan taɓa shi ba. Wa ke duba lambar abin da yake gani kullum a zaure?

Na tuna akwai lotsawa a bututun sama, wurin da buhun gero ya taɓa faɗo masa. Wannan gangar lotsawa uku gare ta. Na rufe ido ina neman ko ta hagu ce ko ta dama, yau in ga hagu, gobe in ga dama. Koren ma bai raba gardama ba, gidan da ya ƙera keken Baba kusan duk abin da suka turo mana kore ne.

Dattijon ya zo ran kasuwa na ce ban samu feda ba. Ya sake zuwa na ce ana kawo mini daga Maraɗi. Ƙarya nake, fedar na cikin akwatina. A zuwa na uku ya zauna a kan benci ya cire takalmi yana matsa ƙafa, sannan ya tashi ya kama hanya. Na ji kunya, amma ban iya sakin ƙarfen ba.

Ranar da la'asar na saɓa gangar na kai gida, na jingine ta a jikin rumbu. Inna na tankaɗe. Ta dube ta, ta ajiye rariya, ta taso ta tsuguna a gabanta. Ta daɗe tana kallon wurin da na kankare.

“Na ubanku na?” ta ce.

“Gida guda ya ƙera su, Inna. Ƙasa guda, kusan shekara guda.”

“Ba shi na tambaye ka ba.”

“Ban sani ba,” na ce. Tunda na fara sana'a ban taɓa faɗin haka a kan keke ba.

Ta ɗora hannu a wurin da sirdi ke zama, ta bar shi nan. Na ga bakinta ya motsa kamar za ta kira suna, na kau da kai don kada in ji abin da bai kamata in ji ba. Ba ta kira ba.

“Wa ya kawo ma shi?”

Na gaya mata, har da zuwan dattijon sau uku a ƙasa. Ta miƙe tana dafa gwiwa.

“Haɗa mishi abinai gobe,” ta ce. “Kada ka ƙara tsai da mutum bisa hanya. Shi ma ana jiran shi gida.”

Washegari na haɗa shi. Na gyara zaren fedar, na sa masa sabuwar sarƙa, na cire tambarin ƙaryar na jefa a akwati. Da dattijon ya zo na riƙe masa keken ya hau, ya yi tangal-tangal sau biyu sannan ya miƙe hanyar Gabi. Na tsaya a bakin hanya har na daina ganin bayansa. Lambar na rubuta ta a murfin akwatina, ba ni da wanda zan nuna wa ya ce mini ita ce ko ba ita ba ce. Tun daga ranar Inna ba ta sake tambayata keken ba.